Bature Mai Magani: Dokta Andrew Stirrett, Mutumin da Ya Yi Yaƙinsa a Durƙushe

Karatun Littafi: Afisawa 6:10-18, 2 Korantiyawa 10:3-5

Duk wanda ya karɓi Yesu Almasihu an rubuta sunansa cikin mayaƙa, ko ya sani ko bai sani ba. Manzo Bulus ya nuna mana cewa abokan gabanmu ba mutane ba ne irinmu, ikokin duhu ne waɗanda ido ba ya gani. Sau da yawa idan aka ambaci yaƙin ruhaniya, hankalinmu yakan tafi ga daren addu'a inda aljani ya yi kururuwa ya fita. Wannan gaskiya ne, mun kuwa ga ikon Allah a irin waɗannan darare. Amma akwai wani yaƙi mai tsawo wanda ba shi da kururuwa: yaƙin mutumin da ya ƙwanƙwasa ƙofa shekara da shekaru ba a buɗe ba, Shaiɗan kuwa yana raɗa masa kullum cewa Allah ya manta da shi. A wannan wata za mu duba rayuwar wani bawan Allah da ya yi irin wannan yaƙi har shekara arba'in da shida saboda mu Hausawa. Sunansa Dokta Andrew Stirrett. Kakanninmu suna kiransa Bature Mai Magani.

Kafin zuwansa

Domin mu gane nauyin abin da ya ɗauka, sai mu koma baya kaɗan. Ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Burinsu su kai bishara ƙasar Sudan. A lokacin, Sudan suna ne na ƙasashen da ke daf da Sahara ta kudu tun daga yamma har gabas, har da ƙasar Hausa. Masu aikin mishan da suka tarar a Legas suka faɗa musu cewa ba za su taɓa ganin ƙasar ba. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, jikinsa a raunane, zuciyarsa a karye. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka mai da shi gida. Sai a ƙoƙari na uku, cikin 1902, aka kafa tasha ta farko a Patigi ta ƙasar Nufe, a bakin Kwara. Daga cikin mutum huɗun da suka buɗe ta, kafin shekara biyu ɗaya ya rasu, biyu an mai da su gida saboda ciwo, saura ɗaya tak.

Ga idon mutum, wannan aiki ya ci rayuka, bai haifi kome ba. Duk mai lissafi zai ce a rufe littafin. A daidai wannan lokaci ne Allah ya kira Stirrett.

Kira da saye

An haife shi a 1865 a jihar Ontario ta ƙasar Kanada. Ya koyi haɗa magunguna, ya zama mai kantunan magani a birnin Toronto, yana kuma karatun likita. Kasuwa ta karɓe shi, yana da gidaje da dukiya. Wata rana wani ɗan littafi da Bingham ya rubuta a kan nauyin ƙasar Sudan ya shigo hannunsa. Ya karanta labarin miliyoyin mutane da ba su da ko mai bishara ɗaya, sai barci ya ƙaurace masa.

Yaƙinsa na fari ke nan, a cikin zuciyarsa aka yi shi. Yana da shekara 37, shekarun da mutum yake zaunawa ya ci moriyar wahalarsa. Ya san labarin kaburburan Girku da Bida. A matsayinsa na mai ilimin magani, ya fi kowa sanin abin da zazzaɓin Afirka ta Yamma yake yi wa Bature. Duk da haka ya sayar da kantunansa, ya miƙa dukiyarsa ga ƙungiyar mishan da daga baya aka sani da SIM. Mai kuɗin jiya ya shiga jirgin ruwan dakon shanu zuwa Liverpool ta Ingila, domin kada a kashe kuɗin aikin Allah a kan jin daɗinsa. A can ya yi ɗan karatu a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, sa'an nan ya iso Patigi a ƙarshen 1902.

A Markus 10:17-22 mun karanta labarin wani mai arziki da Ubangiji ya kira, amma ya juya da baƙin ciki saboda dukiyarsa. Stirrett ya ji kira iri ɗaya, ya ba da amsa dabam. 'Yan'uwa, mutumin da bai saki abin da ke hannunsa ba, da wuya ya riƙe takobi. Iblis ya san igiyar da ya ɗaure kowannenmu da ita. Ga wani kuɗi ne, ga wani tsoron dangi, ga wani kuma laya da ya ɓoye a ƙarƙashin katifa ko guru da ya gada, wai don ko ta kwana. Dogara ga ikon Allah tana farawa ne ranar da aka tsinke wannan igiya.

Ƙofar da aka rufe

Tun farkon zuwansa Allah ya sa masa ƙaunar Hausawa. Ya ji harshensu a bakin fatake, ya ƙudura cewa su ne rabonsa. Amma a 1903 Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato, suka kuma yi wa sarakuna alkawari cewa ba za a taɓa addininsu ba. Saboda haka aka hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi na Arewa. Ku lura da wannan: mutanen da suka tare masa hanya Turawa ne irinsa. Kano, Katsina, Haɗeja, Gumel, duk an ja musu layi. Mutumin da ya sayar da kome domin Hausawa, ga shi doka ta hana shi zama cikin garuruwansu.

A nan da yawa za su ce sun yi kuskuren jin murya, su tattara kayansu. Wasu kuma za su zauna suna zagin gwamnati har tsufa. Stirrett ya tuna cewa Ruhu Mai Tsarki ya taɓa hana Bulus shiga Asiya da Bitiniya, ya kuwa buɗe masa Makidoniya, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16:6-10 ya nuna. Idan ba zai iya zuwa wurin Hausawa ba, ai Hausawa matafiya ne, za su zo wurinsa. Ya koma Wushishi kusa da Zungeru, inda mishan ya buɗe tasha a 1904, a kan hanyar fatake masu gangarawa kudu da kanwa da fatu da dabbobi, su dawo da goro. Da yamma, in ayari ya sauka a zango aka sauke wa jakuna kaya, sai ga ɗan gajeren Bature ya iso da akwatin magani. Ya wanke gyambo, ya ba mai zazzaɓi magani, sa'an nan ya buɗe baki da Hausa ya ba da labarin Yesu. Da gari ya waye ayari ya tashi, wasu zuwa Kano, wasu Katsina, wasu Damagaram. Yawancinsu bai sake ganinsu ba. Amma abin da suka ji ya tafi tare da su ya shiga ƙofofin da aka hana shi shiga. Gwamna yana da ikon hana Bature ƙetare iyaka, ba shi da ikon binciken abin da falke ya ɗauko a zuciyarsa.

Makaminsa na fari: gwiwoyi

Waɗanda suka zauna tare da shi sun shaida abu ɗaya da baki ɗaya. Kullum kafin ƙarfe huɗu na asuba ya riga ya tashi yana addu'a. Haka yake yi da damina da rani, a gida ko a kan hanya, yana da ƙarfi ko jiki ya gaji. Ya bi sawun Ubangijinsa wanda Markus 1:35 ya nuna yana fita tun da sauran duhu zuwa inda ba kowa domin addu'a. Bai yi aure ba. Ɗakinsa ba shi da wani kaya na a zo a gani. Abin da ya tara shi ne sa'o'in da ya yi a gaban kursiyin alheri yana kiran sunan Hausawa.

Mu da muke zaune a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowace asuba muna jin maƙwabtanmu suna tashi zuwa salla, cikin sanyin hunturu ma ba sa fasawa. Mu da muke cewa mun san Mai Ceto, a ina wannan sa'a take samunmu? Muna so mu ga aljanu suna gudu da tsakar rana, alhali ba mu sadu da Allah da asuba ba. Daniyel sura 10 ta nuna mana cewa an ji addu'ar annabin tun ranar farko, amma aka yi kwana 21 ana fafatawa a sararin sama kafin amsa ta iso. Da Daniyel ya tashi a rana ta ashirin fa? Stirrett ya yi kwana 21 ɗinsa har shekara talatin, bai tashi ba.

Addu'a da kwinin

Akwai wani abu a rayuwar wannan mutum da ya kamata mu masu bi na Fentikos mu tsaya a kansa. Mai addu'ar asuba ɗin nan shi ne kuma ya fi kowa matsa wa abokan aikinsa su sha kwinin kullum, su kwana cikin gidan sauro, su tafasa ruwan sha. Ya rubuta littafin magani domin masu aiki a ƙauyukan da babu likita. Da aka bi shawararsa, mace-macen da suka kusa hallaka aikin suka ragu ƙwarai.

Mun gaskata Allah yana warkarwa, mun kuwa ga ya warkar ta wurin ɗora hannu da shafa mai cikin sunan Yesu. Amma kada wani ya ruɗe ku cewa zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Allahn da ya ƙara wa Hezekiya shekara goma sha biyar, shi ne ya sa Ishaya ya umarta a ɗora curin ɓaure a kan marurun, kamar yadda yake a 2 Sarakuna 20:1-7. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Shaiɗan yana murna idan yaro ya mutu da zazzaɓi a gidan mai bi saboda iyaye sun ƙi kai shi asibiti da sunan bangaskiya, gama ya sami rai, ya kuma sami abin zargi a kan ikkilisiya. Ku yi addu'a, ku kira dattawa, ku rataya gidan sauro, ku kai yaron wurin likita. Wurin da aka hana mu zuwa shi ne wurin boka da ɗan bori da mai duba. Stirrett ya san bambancin, shi ya sa magani a hannunsa ya zama bawan bishara.

Makaminsa na biyu: takobin Ruhu

Cikin dukan makaman da Bulus ya lissafta a Afisawa 6, Maganar Allah ce takobi. Stirrett ya ga cewa muddin Hausawa ba su da Littafi Mai Tsarki cikin harshensu, masu bi za su zama sojoji marasa makami. Wasu sun riga sun fara aikin. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, wanda shi ma aka kore su daga Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, ya yi shekaru yana fassara. Stirrett ya shiga cikin masu wannan aiki tare da 'yan mishan na ƙungiyoyi dabam dabam da malamai Hausawa da suka taimaka musu. Aiki ne na haƙuri: a zauna a kan kalma ɗaya, a auna ta, a tambayi masu harshe, a goge, a sake rubutawa. Babu taron jama'a, babu tafi.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, daga Farawa har Wahayin Yahaya. Stirrett yana da shekara 67, shekara talatin cif bayan saukarsa a Patigi. Ya ɗauki wannan a matsayin babban farin cikin rayuwarsa. Ya kuma rubuta waƙoƙin yabo da Hausa, ya fassara wasu, waɗanda suka shiga littafin waƙoƙin da ikkilisiyoyin Arewa suke rerawa.

Ku dubi hikimar Allah. Shekara biyu kafin wannan, a 1930, layin dogo daga Kano ya kai Nguru, ya ratsa ta Gagarawa a nan ƙasarmu. Turawa sun shimfiɗa shi domin kwasar gyaɗa. Amma jirgin da ya kwashi gyaɗa ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa masu bi, littafi kuwa ba ya bukatar izinin Razdan kafin ya shiga aljihun matafiyi. Littafin da kake riƙe da shi ran Lahadi, ko da sabuwar fassara ce, a kan wancan tushe aka gina shi. An biya shi da kaburbura da zazzaɓi da hawayen asuba. Abin kunya ne ya kwana a kan taga ƙura tana rufe shi, mai shi kuwa yana yawo daga wannan mai addu'a zuwa wancan yana neman wanda zai yi yaƙi a madadinsa. Ubangijinmu da kansa, da Iblis ya gwada shi a jeji, da Nassi ya amsa masa har sau uku.

Kasuwar Jos

Shekarunsa na baya a Jos ya yi su, inda haƙar kuza ta tara Hausawa daga kowace kusurwa. Kowace yamma yakan tafi kasuwa, ya hau kan dutse, ya buɗe babban hoton labarin Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi da Hausa. Wata rana a saurara, wata rana a yi masa dariya, wata rana a watse a bar shi. Washegari sai ga shi ya dawo. Abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa ya yi wa'azi wajen sau 20,000 a rayuwarsa.

Abin da ya sa Hausawa suka riƙe sunansa da daraja shi ne sun ga ƙauna. Musulmin da ya ƙi saƙonsa, in ciwo ya kama shi, hannu ɗaya ne yake wanke masa gyambo. Bai ɗauki mai gardama a matsayin abokin gaba ba, ya san wanda yake yaƙi da shi. A nan da yawa cikinmu muke tuntuɓe. Idan aka hana mu fili, ko aka ƙi ba mu hayar ɗaki, ko aka yi wa ɗanmu gori a makaranta, sai mu juya bakin addu'armu a kan mutane, muna kiran wuta a kan maƙwabci. Ranar da ka fara ƙin mutumin da Yesu ya mutu dominsa, Shaiɗan ya ci wannan zagaye ko da ka kwana kana azumi. Alhajin da ke kusa da rumfarka a kasuwar Alhamis ta Maigatari ba shi ne maƙiyinka ba. Rai ne da aka aiko ka ka ƙaunata, ka yi masa addu'a, ka yi ciniki da shi cikin gaskiya.

Ƙofa ta buɗu

Allah bai bar bawansa ya tafi ba tare da ya ga alamar amsa ba. A cikin shekarun 1930 aka fara sassauta dokar. SIM ta sami wuri a Kano, sa'an nan hukumomin gargajiya suka miƙa mata kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau mutanenmu suke zuwa. A Roni, cikin Jigawa ta yau, aka kafa makaranta. A hayin iyaka kuma aiki ya kafu a Damagaram da Tsibiri kusa da Maraɗi. Ku lura da mabuɗin da Allah ya yi amfani da shi: kutare da makafi, waɗanda duniya ba ta lissafa su. Ƙofar da rubuce-rubuce zuwa ofishin gwamna suka kasa buɗewa, jinƙai ya buɗe ta.

Dokta Stirrett ya ci gaba da aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a Jos ranar 9 ga Yuli 1948, yana da shekara 82. Bai bar 'ya'ya ba, bai bar gida ko gona ba. Shekara shida bayan rasuwarsa, a 1954, ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Mu ma da muke wata ɗarika, duk lokacin da muka buɗe Littafi da Hausa ko muka ɗaga waƙa da harshen iyayenmu, muna sha daga rijiyar da shi da abokansa suka haƙa.

Saura kai

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kai ma kana tsaye a bakin wata ƙofa. Shekara goma kina addu'a saboda mijinki, bai juyo ba. Danginka sun yanke ka tun ranar da ka yi baftisma. Kai mai bishara ne a ƙauye, mutum bakwai ne a sujada, bara ma bakwai ne. Mafarkai suna tsorata ki da dare, wata tsohuwa kuma tana ce miki ta san wani malam. Muryar da take ce maka ka gaji haka nan, ka nemi taimako a wani wuri, ita ce muryar da ta yi magana da Bingham bayan rasuwar abokansa, ta yi magana da Stirrett a zangon Wushishi. Maƙaryaciya ce tun asali.

Ikon Allah ba ya raguwa saboda jinkiri. Galatiyawa 6:9 ta tabbatar mana cewa akwai lokacin girbi ga wanda bai karai ba, Wahayin Yahaya 3:7-8 kuma ta nuna mana wanda mabuɗi yake hannunsa. Manomin Gumel yakan yi binne cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba, domin ya san Mai ba da ruwa. Naka shi ne ka tashi da asuba, ka buɗe Littafin, ka ƙaunaci maƙwabcinka, ka koma bakin aikinka gobe.

Abubuwan addu'a

1. Mu gode wa Allah saboda waɗanda suka ba da ransu har bishara ta iso gare mu cikin harshenmu.
2. Mu roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna wa kowa igiyar da take riƙe da shi, ya ba shi ƙarfin tsinke ta.
3. Mu roƙi Ubangiji ya rayar da bagaden addu'ar asuba a gidajenmu.
4. Mu yi addu'a domin Mai Martaba Sarkin Gumel da hakimai da shugabannin ƙananan hukumominmu, Allah ya ba su hikima, ya ba ƙasarmu salama.
5. Mu ɗaga masu bishara da ke ƙauyuka, da sababbin masu bi da danginsu suka ƙi, kada su karai.

Addu'a

Ya Uba Mai Iko Dukka, kai ne ka riƙe bawanka shekara arba'in da shida bai ja da baya ba. Ka riƙe mu haka. Ka gafarta mana inda muka nemi taimako a wurin da ba naka ba. Ka koya wa gwiwoyinmu durƙuso, ka sa Maganarka a bakinmu, ka cika zukatanmu da ƙaunar mutanen da muke zaune a cikinsu. Kowace ƙofa da ka nufa ta buɗu a Gumel da kewayenta, ka buɗe ta a lokacinka, ka same mu a tsaye a bakin aiki. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.